TSOHUWAR MOTA A ƘOFAR GIDA: A GYARA KO A SAYAR?

Na san wata za ta ga kan maganar nan ta ce, "Ina ruwan mace da zancen mota? Ai wannan hirar maza ce a majalisa ko a gareji." To 'yar uwa, ki ɗan yi haƙuri ki bi ni zuwa ƙarshe. Idan kika zaga garuruwanmu na ƙasar Gumel, daga nan Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har Maigatari, da wuya ki ratsa unguwa biyu ba ki ga tsohuwar mota a ƙofar wani gida ba, tayoyi sun sace, an tokare ta da bulo, awaki suna hutawa a ƙarƙashinta. Ki tambayi mai ita, amsar ɗaya ce: "Gyara ta zan yi, kaka nake jira." Kaka ta zo ta wuce, wata ta biyo baya, mota tana nan. Kuma duk sisin da aka zuba mata, daga tukunyar gidan ya fito. Shi ya sa na ce maganar tamu ce.

MOTAR BABA

Ni kaina na yi maƙwabtaka da irin wannan mota har shekara shida. Surukina, Allah Ya jiƙansa da rahama, direba ne. Motarsa Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, doguwar nan mai kujeru layi uku. Ya saye ta ta hannu a 1994, kuma da ita ya yi nemansa har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar Alhamis ya kai mutane kasuwar Maigatari, ranar Lahadi Gujungu, sauran ranaku kuma Kano. Da ita ya ciyar da 'ya'ya goma, ya aurar da na aurarwa, ya sauke farali. Babu adadin matan unguwarmu da naƙuda ta tayar cikin dare aka buga masa ƙofa ya kai su asibitin Gumel, bai karɓi ko kwabo ba.

Kada ki yi mamakin yadda mazanmu suke son wannan mota. A ƙasar Faransa aka fara ƙera ta a 1968, sannan kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta harhaɗa ta a nan gida har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Turai. Gwamna ya hau ta, alƙali ya hau ta, amarya ma a cikinta aka kai ta ɗaki. Mota ce mai jure ramuka da yashi, kuma a lokacinta kowane bakanike a kowane ƙauye ya san cikinta kamar tafin hannunsa.

Allah Ya yi wa Baba rasuwa a 2018. Aka raba gonaki, aka raba gida da dabbobi, amma da aka zo kan mota sai kowa ya yi shiru, don babu mai ƙarfin zuciyar cewa a sayar. Daman ta kwana biyu a ajiye tun da ciwo ya kwantar da shi. Maigidana shi ne babba, sai ya ce a bar masa ita zai gyara ta, a sa mata direba ta ci gaba da nema wa gida. Kowa ya ce madalla. Niyya ce kyakkyawa, kuma har gobe ina shaidarsa a kan haka.

Sai dai albashin malamin firamare da ɗan abin da gona ta bayar ba sa ɗaukar gyaran mota a tashi ɗaya. Saboda haka gyaran ya zama na kaɗan-kaɗan. Bana in an sayar da riɗi a sayi batir, baɗi in an sayar da zoɓo a sayi tayoyi biyu na hannu, wata shekarar a wanke kafireto a canja fulogi. Kafin a tara kuɗin abu na gaba, batirin da aka saya ya mutu a zaune, tayoyin sun tsage a rana. Kowace kaka sai mu tarar mun koma inda muka fara.

MOTAR DA TAKE AJIYE LALACEWA TAKE YI

Wannan shi ne abu na farko da nake so ki riƙe, uwargida. Mutane suna ɗauka mota in an ajiye ta kamar an ajiye kuɗi ne a asusu, ranar da aka tashi za a same ta yadda aka bar ta. Ba haka abin yake ba.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da laima da iska. Gaskiya ne mu nan arewacin Jigawa damina gajeriya ce, ba kamar Legas ba inda iskar teku mai gishiri take cin mota da sauri. Amma wata uku ko huɗu na ruwa sun isa, idan ruwan ya sami inda zai kwanta. Ganyen dalbejiya da ƙurar hunturu suna toshe 'yan ƙananan hanyoyin da ruwa yake bi ya fita daga ƙofofi da gindin gilashi. Robar gilashi kuma rana ta busar da ita ta tsage. Sai ruwa ya shiga ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa da cikin but, ya yi ta ci daga ciki. Kina ganin fenti a waje lafiya lau, alhali ƙasan ya zama kamar rariya.

Ban da tsatsa, fetur da ya yi watanni a tanki yana lalacewa ya yi danƙo ya toshe kafireto. Man birki yana jan laima ya ci bututun birki. Ɓeraye suna shiga su cinye wayoyi su yi gida a kujeru. Taya ma tana da shekarunta ko ba a hau ta ba: a jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ashe ke nan kowace damina da ta wuce kuɗin gyara ƙaruwa yake yi, kuɗin da za a sayi motar kuma raguwa yake yi.

KI DUBI YARANKI

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Tsohuwar mota wurin wasan yara ce, kuma mu iyaye mata mun fi kowa sanin haka. Kunama da maciji suna son irin wannan maɓoya. Ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya sauro ne yake ƙyanƙyasa a ciki. Ƙarfen da ya ruɓe in ya yanki yaro, ƙasa da datti suka shiga ciwon, ana tsoron cutar nan mai sarƙe haƙora. Mafi muni shi ne yara su shiga su ja ƙofa ta ƙi buɗuwa. A watan Disamba na 2021, a yankin Badagry ta Jihar Legas, an sami yara takwas sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To ina ga nan wurinmu, inda zafin bazara yake haura 40 a ma'auni, cikin motar da take rufe kuma ya fi waje zafi nesa ba kusa ba? Ko me aka yanke a kan motar gidanku, yau ɗin nan ki sa a kulle ta, ko a cire mata ƙofa ɗaya gaba ɗaya.

MOTAR TA WA CE?

Nan ne inda zuciyata ta fi nauyi, domin ni malamar Islamiyya ce, kuma babin rabon gado yana cikin abin da nake karantar da matan aure a ajin dare. Daga ranar da mutum ya rasu, bayan an yi masa sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, duk abin da ya rage ya zama na magada, kowa da rabon da Allah Ya yanka masa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Babu bambanci tsakanin gona da mota da buta.

Bari in yi miki lissafin gidanmu. Baba ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu da mata shida, iyayensa kuwa sun riga shi. Matan biyu suna da tumuni su raba, sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Idan aka kasa motar kashi 16, kowace mata tana da ɗaya, kowane ɗa namiji biyu, kowace 'ya mace ɗaya. Wato maigidana, duk da hidimar da yake yi, kashi 2 ne nasa a cikin 16. Amaryar Baba kuwa tana da yara biyu ƙanana, namiji da mace, waɗanda ko makaranta ba su shiga ba lokacin rasuwar. Ita ɗaya, ɗanta biyu, 'yarta ɗaya: kashi 4 ke nan, rubu'in motar cif. Baiwar Allah nan tana gama takaba ta koma ƙauyensu ta wajen Sule Tankarkar, tana suyar awara tana riƙe marayunta, ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi mota ba. Kunya ce ta hana ta, amma kunyarta ba ta sauke haƙƙin daga kanmu ba.

Kin san irin gargaɗin da ya zo a aya ta 10 ta wannan sura game da dukiyar marayu. Babu wanda ya ci ko sisi nasu a gidanmu, Allah Shi ne shaida. Amma dukiyarsu ce take narkewa a gindin bishiya muna kallo, kuma wanda yake riƙe da dukiyar maraya an ɗora masa ya yi abin da ya fi zama alheri ga marayan ne, ko da ransa ya fi son wani abu daban.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan mas'ala a buɗe ba. Yana nan a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa: abin tarayya da zai rabu ba tare da ɓarna ba, a raba shi, wanda kuwa ba zai rabu ba, idan ɗaya daga cikin masu shi ya nemi a sayar, sai a sayar a raba kuɗin. Mota ba ta yankuwa kamar gona. Saboda haka ko 'yar autar gida ce ta nemi a sayar, maganarta tana da ƙafa a shari'a.

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN A YANKE HUKUNCI

Ba kowace tsohuwar mota ce ta cancanci sayarwa ba. Akwai maƙwabcinmu mai akori-kura da ta girmi 'ya'yansa duka, ya zuba kuɗi ya gyara ta, kuma yau da ita yake jigilar buhunan riɗi da kankana yana rufa wa kansa asiri. Abin da ya raba tasa da tamu su ne waɗannan tambayoyi.

Na farko, ta wa ce? Idan ta maigida ce shi kaɗai, shawara ce kawai taki. Idan akwai magada, sai da yardarsu duka, a rubuce, a kuma faɗi wa zai biya kuɗin gyara da yadda za a raba abin da ta samo.

Na biyu, ina tsatsar take? Wadda take saman bodi, a ƙofa ko murfin inji, mai gyaran bodi zai kankare ya yi walda a fesa fenti. Wadda ta ci ƙasan mota da inda ƙafafu suke riƙe, ita ce babbar matsala. Fijo 504 ta ɗaukar mutane ba ta da wani ƙashin baya dabam da aka ɗora bodi a kai, jikin nata shi ne ƙashinta. In ƙasan ya ruɓe, ƙarfin motar ne ya tafi, kuma faci a kan faci ba ya mayar da shi. Rayukan mutane za a ɗauka a ciki.

Na uku, nawa ne kuɗin gyaran gaba ɗaya? A rubuta komai a takarda guda: inji, giya, birki, tayoyi, batir, wayoyi, walda, fenti, kujeru, takardu da inshora. A ƙara wani abu a kai, domin ba a taɓa buɗe tsohuwar mota ba a tarar da sabon ciwo ba. Sannan a tambaya, in an gama duka, nawa za a saye ta a kasuwa? Idan kuɗin gyara ya fi kuɗin motar, an sami amsa. A tuna kuma tun da aka daina ƙera ta, yawancin kayanta na hannu ne, sai an je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna an yi ta lalube.

Na huɗu, wane aiki za ta yi, kuma zai biya? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin mota ya canja. Litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Injin Fijo mai kafireto yana shan kusan lita 10 ko fiye a tafiyar kilomita 100. Fasinja kuma a tasha yanzu ya fi son Golf da Sharan da bas. Motar da babu aikin da yake jiran ta, ko an gyara ta komawa gindin bishiya za ta yi.

Na biyar, da wane kuɗi, kuma zuwa yaushe? Ciyarwa da tufatarwa da maganin iyali da karatun yara wajibi ne a kan maigida, gyaran tsohuwar mota kuwa ba wajibi ba ne. In za a gyara, a tara kuɗin a yi shi a tashi ɗaya, a kuma sa rana. Gyaran da ba shi da ranar gamawa jiran gawon shanu ne.

Akwai tarko ɗaya da yake kama mutane da yawa, shi ne cewa, "Na riga na kashe mata da yawa, in na bari yanzu na yi asara." Kuɗin da aka kashe ya riga ya tafi, ko an ci gaba ko an tsaya ba zai dawo ba. Abin dubawa shi ne kuɗin da yake hannu yanzu, ina ya fi dacewa a sa shi.

YADDA ZA KI SHIGAR DA MAGANAR

'Yar uwa, sanin gaskiya daban, iya faɗarta daban. Matar ɗa ba ta da baki a gadon surukinta, kuma in ba ki yi hattara ba sai a ce ke ce mai zuga. Ni abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne surukata. Wata rana ina yi mata tsifa ta ce da ni, "'Yar nan, ni ko kallon motar can ba na son yi, tuna mini take yi. Ga haƙƙin yaran can. Amma wa zai gaya masa?" Kin san alkunyar iyayenmu a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi.

Ban yi maganar a gaban yara ba, ban yi ta ranar da babu cefane ba, kuma ban taɓa kiran motar da sunan raini ba. Na bari sai da dare bayan ya ci abinci ya huta, na kawo takarda na ce, "Malam, ga wata mas'alar gado da nake so ka duba mini, ko na kasa daidai." Ya duba ya ce daidai ne. Ya sake dubawa, sai ya gane gidansu ne. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malama, in na sayar da motar nan ji zan yi kamar Baba na sayar."

Na ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Malam. Abin da Baba ya bar maka ya fi mota. Ga Inna, ga ƙannenka biyu da ba su ma san fuskarsa sosai ba. Abin da yake isa gare shi yanzu addu'arka ce da sadaka da riƙe zumuncinsa. Ni ban ce a sayar ba. A kira wanda ya sani ya duba ta, a kira masu ita a tambaye su."

Ki lura, namiji ba ƙarfe yake riƙewa ba a irin wannan hali. Wani mahaifinsa yake tunawa, wani ƙuruciyarsa, wani kuma kunyar a ce ya gaza yake ji. In kika taɓa wurin da izgili, kin rufe ƙofar da kanki. Ki ba shi hanyar da zai fita da mutuncinsa, ya zama shi ne ya yanke hukuncin.

Aka ɗauko wani bakanike daga Gumel, wanda ba shi da wata riba a gyaran, aka biya shi kuɗin dubawa kawai. Wannan ma dabara ce, domin wanda zai ci kuɗin gyara da wuya ya ce kada a gyara. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya danna sukundireba, sai ga ta ta ɓulla ƙasa. Ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce inji da giya da sauran ransu, amma bodi ta gama. Da aka tara lissafi, kuɗin gyaran ya kusa ninka abin da za a saye ta bayan an gama. Gani ya kori ji.

IN ZA A SAYAR, A JI TSORON ALLAH

Hanyoyin sayarwa uku ne. Ko a sayar da ita ɗungurungum ga mai irinta da yake neman kaya, ko a kwance ta a sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ko a ba 'yan gwangwan su auna a kilo. Ta biyu takan fi kawo kuɗi amma tana cin lokaci, kuma a dukiyar magada tana jawo zargi. Ta ukun ita ce mafi araha, sai in babu yadda za a yi. Kada a tsaya a kan tayin mutum ɗaya, a ji na biyu da na uku.

Sannan a bayyana aibinta. Ba ya halatta a cike rami da ƙullun gyaran bodi a fesa fenti a ce lafiyarta ƙalau. Ɓoye aibi algus ne, kuma a shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a miƙa takardun mota, a tabbatar an canja suna, domin kada wata rana a aikata ɓarna da ita a zo ana neman mai tsohon suna.

Mu dai da ƙaramar Sallah ta 2024, da 'yan uwa suka taru, aka gayyato Liman da wakilin amarya. Aka fara ba maigidana zaɓi: in yana son ta, ya biya sauran magada rabonsu a kan kuɗin da aka ƙiyasta, ta zama tasa ya yi yadda ya so. Wannan ma hanya ce mai kyau ga wanda yake da hali. Ya nemi kwana uku ya yi istihara, ya dawo ya ce a sayar, kuma abin da ya kashe a baya ya yafe. Wani direba daga wajen Maigatari mai irinta ya saya saboda injin da giyar. Abu ɗaya maigidana ya roƙa a wurinsa, ɗan tambarin zakin nan na gaban mota, mutumin kuwa ya cire ya ba shi. A ranar aka kasa kuɗin kashi 16, kowa ya sa hannu.

Kuɗin ba su da yawa, kuma da an sayar tun 2018 da motar ta fi haka daraja. Amma rabon ɗakin amarya ya sayi tumaki biyu a kasuwar Alhamis, an rubuta na yaro da na yarinya, kuma yanzu haka sun hayayyafa. Wannan shi ne ƙwai a baka da ya fi kaza a akurki. Kuɗin riɗin shekarar nan kuwa, a karon farko cikin shekara shida, rufin ɗakin yara aka gyara da shi.

KAMMALAWA

Uwargida, wataƙila a gidanku ba mota ba ce. Wataƙila babur ne, ko injin niƙa, ko keken ɗinki na marigayiya, ko kangon da aka fara gini aka bari. Tambayoyin dai ba sa canjawa: na wa ne, me ya lalace, nawa ne gyaran duka, wane aiki zai yi, kuma zuwa yaushe? In amsoshin sun nuna gyara, ki ƙarfafa wa maigida gwiwa, ki taya shi tattali har a gama. In sun nuna sayarwa, ki taimake shi ya saki cikin mutunci. In kuma akwai haƙƙin maraya ko na bazawara a ciki, kada ki bari wata daminar ta sake sauka a kansa kuna shiru, domin ranar da za a yi tambaya ba za a ce ai kunya ce ta hana ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mazajenmu halal mai albarka, Ya raba mu da haƙƙin wani, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu.